Yadda Na Zama Shuka-Baya

Ku ɗiyana, da ku jikokin da suka iya karatu, wannan babin naku ne, don na gaji da ganin kuna ɓata rai a kaina. Ranar sunan ɗan Zainabu wani tsoho ya ƙwala mani kira tun daga bakin layi, ya ce "Shuka-baya!" Na amsa da fara'ata, ina juyowa na ga fuskar Zainabu kamar wadda ta tauna tsakuwa cikin shinkafa. Daga baya ta ja ni gefe, wai an ci mutuncina gaban surukanta, wai mutane za su ɗauka ubanta malalacin manomi ne wanda sai kowa ya gama shuka yake neman inda ya ajiye sungumi. Na ce mata ta bari in huta, zan rubuta. Ga shi na rubuta. Wanda ya san uwarku Hinde ya je ya tambaye ta in na ƙara gishiri. Za ta ce na ƙara, amma ba za ta ce na yi ƙarya ba.

A lokacin ina aiki a wani babban gidan kaji da ke kan hanyar Kurfi, in ka ɗan bar Dutsin-Ma. Na wani Alhaji ne mazaunin Katsina, wanda ba mu ganin shi sai da dalili. Kajin gidan nan in suka yi kuka gaba ɗaya, mutanen Dabawa sai sun ɗaga murya kafin su ji juna. Aikinmu shi ne mu zuba abinci, mu duba ruwa, mu kwashe ƙwai, mu share kashi, gobe mu sake. Kaza ba ta da Juma'a, ba ta da Sallah, kuma in ruwan shanta ya yanke da tsakar rana ba ta aiko maka da ƙorafi, kwanciya take yi ta miƙe ƙafa. Mu kuma ma'aikatan, in ka cire mai gadi da matan da ke jera ƙwai a kiret, kowanenmu manomi ne da ya ari rigar kamfani. Wannan yana da gona a Karofi, wancan a Dabawa, ni tawa tana Wurma, gefen ta yayana Sale. Albashi na cefane ne da kuɗin makaranta. Tuwon shekara daga rumbu yake fitowa.

Saboda haka duk ranar da ruwan shuka ya sauka, sai mutuwa ta faɗa wa dangin ma'aikata. Da sassafe za ka ga mutane a ƙofar ofis, fuska a murtuke, wannan baffanshi ya cika, wancan gwaggonshi ce ba ta ko magana. Ni kaina kakata ta wajen uba ta rasu a kowace damina, Allah Ya jiƙanta, alhali tun ina goye aka rufe ta. Tsohon manajanmu ya san komai. Sai ya yi mana ta'aziyya yana kallon sungumin da ke ɗaure a bayan kekunanmu, ya ce a gaida masu makoki. Haka aka yi ta tafiya har shekarar da ruwan ya sauka ko'ina rana ɗaya. Kowa ya ɗauka wani zai tsaya, gidan ya watse, rana ta buɗe da zafi, tankin wani dogon ɗaki ya ƙafe. Abin da aka kwashe da baro washegari ba abin ba da labari da dariya ba ne, ko a bakina. Alhaji ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakin, ya juya ya shiga mota. Kafin wata damina muna da sabon manaja.

Sunanshi Malam Kabiru. Siriri ne, mai sanyin murya, yana gaida dattijo da hannu biyu. Irin mutumin da zai kore ka daga aiki yana yi maka sannu, har ka kai gida kafin ka gane abin da ya same ka. Ya tara mu tun bazara, ya ce duk wanda ya bar kaji ba da izini ba ya bar aiki ke nan, kuma daga yau in kakar mutum ta rasu shi ma zai bi shi jana'iza. Muka yi dariya. Shi bai yi ba.

Ruwan farko a shekarar Karofi ya zaɓa. Sauran garuruwa ko yayyafi ba su samu ba. Malam Isuhu, wanda ya girme mu duka, tun ana haƙa harsashin gidan yake nan, mutumin Karofi ne, kuma gidanshi cike yake da ƙananan baki. Ya nemi izini aka ce babu. Ya tsaya ya dubi gabas, ya dubi kaji, ya hau kekenshi. Da ya dawo da laka a ƙafa, mai gadi ya tare shi a ƙofa yana sunkuyar da kai, ya ce an hana shi buɗewa.

Muna da ƙungiyar ma'aikata, har da rajista da katin shaida, amma kafin wannan rana aikinta bai wuce kai gudummawar suna da sayen goron biki ba. Ciyaman ɗinmu na lokacin, yana jin an ce za a zauna da manaja, sai ciwon haƙori ya kama shi, irin wanda ba ya barin mutum ya yi magana sai bayan damina. Muka taru ƙarƙashin bishiyar bedin da ke bayan sito. Garba direban motar ƙwai ne ya fara miƙewa. Garba mutum ne da in ya gaishe ka sai ka ɗauka bashi ya zo karɓa.

"Ba wata magana," in ji shi. "Ranar da ruwa ya sauka kowa ya hau abin hawanshi. Ya kore mu duka mu gani. Shi ya kwashe ƙwan da hularshi."

Na ce, "Garba, yajin aiki da wa za mu yi, da manaja ko da kaji? Manaja zai kwana lafiya. Kaji ne za su mutu, in sun mutu kuma Alhaji ya rufe gidan, mu dawo mu yi wa bedin nan yajin aiki."

"Tau, tunda bakinka ya fi na kowa tsawo, kai ka je."

Na ɗauka zagi ne. Ina waigawa na ga hannuwa a sama. Haka na zama ciyaman, ban ci zaɓe ba, zaɓe ne ya ci ni. Suka ɗora mani abu biyu: in samo mana hutun shuka na halal, wanda ba sai an kashe kowa ba, kuma in dawo da Malam Isuhu. In ban samo ba kafin ruwan gaba, maganar Garba za a bi. Hadari kuwa kullum da la'asar sai ya haɗu ya leƙo mu, ya watse.

Zaman farko a ofishin manaja muka yi, ni da Garba gefe guda, shi da akawu gefe guda. Aka kawo shayi mai madara mai kauri, irin wanda cokali ke tsayuwa a ciki. Na raɗa wa Garba kada ya sha da yawa, wanda ya sha shayin mutum har ƙasan kofi ba ya iya ce mashi a'a. Kafin in rufe baki ya shanye nashi yana kallon nawa. Malam Kabiru ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya sauko da kalandar bango ya shimfiɗa a tebur.

"Na yarda da hutu," ya ce. "Ku zaɓi ranaku a nan, in raba ku rukuni-rukuni, kowa ya san nashi tun yanzu."

Na dubi kalandar kamar mai duba akuya a kasuwa, na ture ta a hankali, na ce, "Albarka."

Akawu ya shaƙe da shayi. Malam Kabiru ya ce, "Ciyaman, nan ba kasuwa ba ce."

"Ranka ya daɗe, ka yi tayi, na ce albarka. Hadari bai yi makaranta ba, ba ya karanta wannan takardar. In ka ba ni Talata, ruwa ya zo Asabar, mi zan yi da Talatar? In je in gaida gona?"

Sai ya yi murmushi, ya ce shi ma ɗan manomi ne, da sungumi aka biya mashi makaranta, ba sai na koya mashi cewa danshi ba ya jiran mutum ba. Amma shi amanar kaji aka ba shi, ba amanar gero ba. Daga nan maganar ta zama ta manya. Muka yi ta juya ta, har muka gano abin da ke gabanmu tun farko: ruwa ba kasafai yake sauka ko'ina tare ba. In ya sauka Karofi, mutanen Karofi su tafi yini biyu, na Wurma da Dabawa su riƙe masu aikinsu. In ya juyo, su ma a riƙe masu. Yinin da mutum ya ɗauka zai rama shi da rani cikin ranakun hutunshi. Ya ce wa zai tabbatar mashi an yi ruwan? Na ce ƙungiya, don ba a ɓoye ruwan sama, kuma wanda ya yi ƙaryar ruwa mu da kanmu za mu zare hannu daga kanshi. Har na fara jin daɗi, na kai hannu ga shayina, sai ya yi tambayar da ta sanyaya shi.

"Ranar da ya sauka ko'ina fa? Kamar bara?"

Na ajiye kofin. Aka tashi a kan za a sake zama.

A zama na biyu na zo da dabarata. Na ce ranar ruwan gama-gari matan ƙwai da mai gadi da wasu 'yan cikin gari marasa gona za su riƙe gidan, mu kuma manoma mu riƙa yin karɓa-karɓa, bana wannan ya tsaya, baɗi wancan. Ya ce ya yarda da rabin farko. Karɓa-karɓa kuwa ita ce ta kashe kajin bara, don kowa na iya rantsuwa ba layinshi ba ne. Shi mutum ɗaya yake so, wanda ya san kan tanki da janareta da awon abinci, wanda in ya ce a yi ma'aikata za su yi, wanda duk ranar ruwan shuka, na gari ɗaya ko na duniya, ba ya zuwa ko'ina sai kowa ya je ya dawo. In kaza ta mutu da ƙishirwa, wuyan wannan mutumin zai kama, ba na ƙungiya ba.

"Ba ni sunan mutum ɗaya, in sa hannu yau," ya ce.

Yana faɗa yana kallon silin. Garba yana kallon takalminshi. Akawu, wanda ba shi da kunya, ni yake kallo.

Na ce a ba ni zuwa gobe.

Ku da kuka taso a birni za ku ce ai sai in sa a shuka mani. Ranar ruwan shuka ba a samun ɗan ƙwadago ko da za ka ba shi saniya, kowa na kan tashi gonar. Ku kuma lokacin babbanku Aminu bai fi tsawon sungumi ba. Yaya Sale sai ya gama tashi, kuma tashi ba ƙarama ba ce. Duk wanda ya karɓi wannan magana ya san geronshi zai riƙa bin na mutane a baya, shekara da shekaru.

Na iso gida da la'asar na tarar da uwarku tana murza tunkuza, tana ƙuli-ƙulin sayarwa. Na zauna kan turmi na fara da labarin yadda na ce wa manaja albarka, na ƙawata shi, har na sa akawu ya faɗo daga kujera. Ba ta yi dariya ba.

"Malam, in ka fara da ban dariya akwai abin da ka ɓoye a ƙarshe. Faɗi ƙarshen."

Na faɗa. Ta ci gaba da murzawa.

"Wato ka tambayi manaja, ka tambayi Garba, ka tambayi kaji. Rumbu ne kaɗai ba a gayyata zaman ba."

"Ga shi ina tambayar shi."

"Cikin mutanen nan duka ba mai wuya sai kai?"

"Akwai masu wuya, Hinde. Amma ni aka aika. In na nuna wani, ya zama na sayi hutuna da gonarshi."

Ta jefa ƙuli cikin mai, ta tsaya tana kallon shi yana soyuwa. Ta ce da hantsi matar Malam Isuhu ta zo. Ba ta roƙi komai ba, gaisuwa kawai ta ce ta kawo, tun daga Karofi, ta zauna ta sha ruwa ta tafi. Uwarku ta ce ita ta san irin wannan gaisuwar.

"In ka ce a'a, shi ke nan nashi?"

"In na ce a'a, ruwa na sauka Garba zai kwashe mutane. Daga nan ba nashi kaɗai ba."

"Je ka yi. Amma ranar da na leƙa rumbu na ga ƙasa, kada ka zo mani da labarin albarka. Labari ba ya tuƙuwa."

Washegari gabas ta yi baƙi tun hantsi, irin baƙin da ba na wasa ba. Ina shiga gidan kaji na ga kekuna da babura jere a bakin ƙofa, kowane da sungumi ɗaure da ƙunshin iri. Na bi ta tsakaninsu. Na shiga ofis, na ce wa Malam Kabiru ya rubuta sunana, Haruna. Ya dube ni, ya ce na yi shawara da gida? Na ce gida ne ma ya ba ni aron wuyan. Aka karanta abin da muka daidaita a kai, ya sa hannu, na sa, Garba ya sa nashi kamar mai soke maciji. Sannan na kawo maganar Malam Isuhu.

"Wannan kam ba zai yiwu ba," ya ce. "Na faɗa gaban kowa, na kuma gaya wa Alhaji. Ya karya doka tana da rai. In na janye, gobe maganata ba ta da nauyin gashin kaza, har wannan da muka sa wa hannu."

Garba ya miƙe, kujera ta faɗi. Na kama gefen rigarshi na zaunar da shi. Gaskiyar magana mutumin bai yi ƙarya ba, kuma na lura ba ƙin Isuhu yake yi ba, ƙofar fita ya rasa. Ni kuma duk abin da na sani a duniya a kasuwa na koye shi, don kafin kaji na yi shekaru ina taya wani ma'auni a layin 'yan hatsi. Can in an gama ciniki, an auna, an ɗaure magana, mai saye ba ya ɗaga buhu sai ya ce a yi mashi gyara. Mai hatsi ya cika hannu ya ƙara. Ba wanda zai ce ya karya farashi, ba wanda zai ce an fi ƙarfinshi. Wanda ya hana gyara ma shi ake yi wa kallon banza.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban ce ka janye ba. Korar ta koru, kowa ya gani. Yanzu dai ciniki ya faɗa?"

"Ya faɗa."

"Ka samu kajinka, mun samu shukarmu, ka samu wuyana?"

"Na samu."

"Tau, gyara."

"Mi?"

"Gyara. Ba a tashi daga ciniki irin wannan hannu sake. A ƙara mani Malam Isuhu a kai."

Akawu ya ajiye biro. Iska ta fara kaɗa labule, tana kawo ƙanshin ƙasa daga wani wuri da ya riga mu samu. Malam Kabiru ya dafe goshi, kafaɗunshi suka fara rawa.

"Ciyaman, gyaran naka ya fi awon girma."

"Haba, ranka ya daɗe. Ka dubi Malam Isuhu da kyau. Shi da kekenshi ba su cika tiya ba."

Ya yi dariya har ya share ido. Ya ce zai gaya wa Alhaji cewa ƙungiya ta ba da abin da bai zata ba, shi kuma ya yi mata gyara, Alhaji ɗan kasuwa ne, zai gane. Ya ce in aika wa Isuhu ya dawo gobe. Sai ya leƙa taga ya ce lallai ma ya zo da wuri, don Isuhu ya riga ya shuka tashi, gobe kuma za a nemi hannu.

Ruwan ya sauka ko'ina, daga Kurfi har bayan Karofi. Da safe ina tsaye a ƙofa mutane suka yi ta zuwa suna faɗin sunan garinsu suna wucewa, ba wanda ya kashe ko kaza a danginshi. Gidan ya rage ni, da matan ƙwai, da mai gadi, da Malam Isuhu wanda ya zo tun asuba yana ta sunkuyar da kai, da manaja da kanshi ya naɗe ƙafar wando yana jan buhun abinci kamar mai kokawa da shi. Na zagaya tankuna har sai da kajin suka fara gajiya da ganina. Da hantsi na tsaya a bakin waya ina hutawa. Akwai wata gona a ƙetaren hanya, mai ita yana gaba yana sara, iyalinshi na biye suna jefa iri suna takewa da dudduge. Ƙasar ta yi laushi, ko ƙarar sungumin ba a ji sosai. Na daɗe a wurin. Ba zan ce maku na yi kuka ba, amma ban ba kowa dariya ba a wannan hantsin, har matan ƙwai suka tambaya ko ba ni da lafiya.

Sai da kowa ya dawo na hau kekena zuwa Wurma. Saman ƙasa ya riga ya bushe, gonakin maƙwabta har sun fara tsaga. Yaya Sale na zaune gindin gawo, ya hango ni da sungumi a kafaɗa, ya ɗaga murya yadda har Fulanin da ke kiwo a fadama sai da suka juyo.

"A buɗe hanya, ga Shuka-baya nan ya iso!"

Na ce, "Yaya, ai babban baƙo shi ke zuwa ƙarshe."

"Ƙwarai. Shi ke tarar da tukunya an wanke."

Sunan ya riga ni komawa Dutsin-Ma. Geron shekarar kuwa ya fito kamar gemun ɗan saurayi, nan ɗaya can ɗaya, na yi ta dashe da cike gurbi. Abokan aiki sun yi alkawarin za su riƙa yi mani gayya. Shekarar farko wasu sun zo, ta biyu suka ragu, daga baya kowa ya tuna yana da uzuri, kuma ban riƙe kowa ba, mai gona ɗaya ma ba ta barin shi ya numfasa. Garba bai taɓa zuwa ba. Har ya bar aiki yana cewa na sayar da yajin aikinshi a kan kofin shayi, alhali duk wanda ke ofishin ya san wa ya shanye shayin. Wata shekara na gwada binne, na zuba iri cikin busasshiyar ƙasa tun kafin ruwa. Zabin Wurma suka yi mani godiya ta musamman, har yau in na wuce suna gaishe ni. Mutum ɗaya ne bai taɓa fashi ba. Duk shekarar da Karofi ta riga Wurma samun ruwa, ranar da namu ya sauka Malam Isuhu kan nemi yininshi na hutu ya tafi gonata da irinshi a aljihu, ba ya ko gaya mani, sai dai Yaya Sale ya aiko cewa Gyara ya zo. Don shi ma sunan ya bi shi, har jikokinshi ɗiyan Gyara ake ce masu. Shekarun da ruwa ya zo tare kuwa, ba yadda zai yi, ni ma haka.

Kai Aminu da ke Zainabu kun isa tuna shekarun da tun kafin sabon gero ya nuna muke komawa awon kasuwa, da yadda uwarku ta ƙara kaskon ƙuli na biyu. Ba fari aka yi ba, ba kuma lalaci ba ne. Wannan sa hannun ne. Ranar farko da ta leƙa rumbu ta ga ƙasa, na shigo na buɗe baki, ta ɗaga mani muciya, na rufe. Ta cika alkawarinta, ban ba ta labari ba, ita kuma ba ta taɓa ce mani da ka sani ba. Na riƙe wannan tsayuwar har na yi ritaya, kuma a hannuna kaza ko ɗaya ba ta mutu da ƙishirwa ba. Da zan tafi aka sake zama ƙarƙashin bedi, wani yaron kirki daga Dabawa ya karɓi ciyaman da tsayuwar tare, don yanzu haka abin yake, wanda ya ɗauki hular shi ke ɗaukar tankin. Malam Kabiru ya daɗe da barin gidan, amma duk manajan da ya zo yana tarar da maganar a zaune.

Yanzu da ba ni da kaji, ba wanda ke riga ni fita. Ɗigon farko na taɓa kwano nake neman takalmi, har uwarku na cewa wata rana zan shuka hadari tun yana sama. Bara ina cikin gona tun gari bai gama wayewa ba, na kusa rabi, sai ga wani matashi ya zo wucewa a babur da rigar gidan kajin a jikinshi, sungumi ɗaure a baya, yana sauri zuwa tasu gonar. Ya rage gudu, ya ɗaga hannu.

"Sannu da aiki, Baba Shuka-baya."

Na ce, "Yauwa. Wa ka baro wa kaji?"

"Ciyaman na can."

Na ce ya yi sauri danshi na jiran shi. Saboda haka, Zainabu, in an sake kiran sunan nan gaban surukanki, ki bar fuskarki yadda take. Ki matsa gefe kawai, in amsa.